Darasin Kimiyya: Daga Tsirkiyar Jita Zuwa Waƙar Talla

Mene ne sauti?

Sauti karkarwa ce. Duk abin da ya yi ƙara, to karkarwa ya yi, karkarwar ta turo iska, iskar ta kaɗa dodon kunne, ƙwaƙwalwa kuma ta fassara. Ana auna karkarwa da yawan kai-da-komon da abu ke yi cikin sakan ɗaya. Sunan ma'aunin Hertz, don tunawa da masanin kimiyyar nan ɗan Jamus, Heinrich Hertz. Lafiyayyen kunnen matashi yana jin karkarwa daga 20 zuwa kimanin 20,000 a sakan. Idan kai-da-komon ya yi yawa, sauti ya fito siriri. Idan ya yi kaɗan, ya fito da kauri.

Abin da ke sarrafa tsirkiya

Jita tana da tsirkiya shida, ana ƙirga su daga mafi siranta zuwa mafi kauri. Abubuwa uku ne ke tantance sautin kowace: tsawonta, kaurinta, da ƙarfin ɗaurinta. Gajeriya, siririya, mai ɗauri sosai ta fi saurin karkarwa. Shi ya sa ta shida, wato mafi kauri, ke yin kusan 82 a sakan, ta ɗaya kuwa kusan 330. Bafaranshe Marin Mersenne ne ya tsara waɗannan ƙa'idoji a rubuce a ƙarni na 17, kuma su ne dai ke aiki a kan goge da garaya da kuntigi.

A wuyan jita akwai ƙananan ƙarafa a gicciye da suka raba shi gaɓa-gaɓa. Danna tsirkiya a kan gaɓa yana rage tsawon ɓangaren da ke karkarwa. Gwada ka gani. Kaɗa ta biyar ba tare da dannawa ba: 110 ke nan, sautin da ake kira A. Sai ka danna ta a gaɓa ta 12, wadda ke daidai tsakiyar tsirkiya. Tsawo ya koma rabi, karkarwa ta ninka zuwa 220. Kunne zai ji sauti ɗaya ne, sai dai ya hau sama. Wannan tazara ita ce zango. Kiɗan Turawa ya kasa zango kashi 12, kowace gaɓa taki ɗaya, kowane taki kuma yana ƙara karkarwa da kimanin kashi 6 cikin ɗari.

Haɗin sauti

Haɗin sauti shi ne a kaɗa sauti uku ko fiye a lokaci guda. Ba kowane uku ne ke jituwa ba, dalilin kuwa lissafi ne. Ɗauki C da E da G, masu karkarwa kusan 262 da 330 da 392. Idan aka rage waɗannan lambobi, za su tsaya kusa da 4 da 5 da 6. Ma'ana, kafin C ya yi kai-da-komo huɗu, E ya yi biyar, G ya yi shida, sai duk su sake haɗuwa a fara daga farko. Wannan haɗuwa a kai a kai ita kunne ke ji a matsayin daɗi. Irin wannan shi ake kira babban haɗi. Idan aka sauko da sautin tsakiya da taki ɗaya, ya zama ƙaramin haɗi, wanda masu sauraron kiɗan Turai kan ji da sanyin jiki.

Ɗan koyo ya fara da ƙaramin haɗin E. Ɗora ɗan yatsan tsakiya a gaɓa ta biyu ta tsirkiya ta biyar, na kusa da ƙarami a gaɓa ta biyu ta tsirkiya ta huɗu, sannan ka kaɗa duka shidan. Yanzu ƙara manuni a gaɓa ta farko ta tsirkiya ta uku. Ya koma babban haɗin E. Yatsa ɗaya ne ya canza, amma yanayin kiɗan ya sauya gaba ɗaya. Ka danna da kan yatsa, dab da bayan ƙarfen, don kada sautin ya dushe.

Amfaninsa a talla

Masu talla sun daɗe da gane cewa abin da kunne ya karɓa cikin sauƙi, baki ma zai maimaita shi cikin sauƙi. Gidan rediyo da talabijin na NBC a Amurka yana da tambarin sauti uku kacal: G, E, C, wato babban haɗin C a warwatse. A 1950 aka yi masa rajista a matsayin alamar kamfani. Kiɗan wayar Nokia kuwa, wanda ya cika kasuwanninmu a farkon zuwan salula, an ciro shi ne daga Gran Vals, kiɗan jita da Francisco Tárrega ɗan Sifaniya ya tsara a 1902.

Sai kuma maimaitawa. A 1968 masanin halayyar ɗan Adam Robert Zajonc ya nuna cewa yawan cin karo da abu kan sa mutum ya ƙara son sa. Don haka waƙar talla mai kama zuciya takan zama gajeriya, sautukanta masu jituwa, a yi ta nanata ta, sunan haja kuma ya faɗo a kan sautin da kunne ke jira a sauka.

Aikin gida: saurari talla uku a rediyo, ka ƙirga sautukan da ke cikin kowane amshi, ka lura da inda aka ajiye sunan hajar, sannan ka nemo sautukan a kan tsirkiya ɗaya.