Kiriyatin da Ƙwaƙwalwa: Shin Yana Ƙara Ƙarfin Hadda?

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin motsa jiki ya san farin garin nan da masu ɗaga ƙarfe suke damawa da ruwa su sha. Sunansa kiriyatin. Yanzu kuma ana ta yaɗa cewa yana kaifafa ƙwaƙwalwa, shi ya sa na ga ya dace mu duba lamarin tun kafin fargabar jarrabawa ta sa wani ya ƙarar da kuɗin abincinsa a kai.

Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Michel Chevreul, shi ya gano sinadarin a cikin nama a shekarar 1832, kuma daga kalmar Girkanci mai nufin nama aka samo sunan. Hanta da ƙoda suna haɗa kimanin giram 1 kullum, ƙarin kuma daga nama da kifi muke samu. Kusan kashi 95 cikin 100 yana cikin tsoka ne. Aikinsa shi ne saurin mayar wa ƙwayoyin jiki makamashin da suka ƙone. Ita kuwa ƙwaƙwalwa, duk ƙanƙantarta, tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na makamashin jiki.

A shekarar 2003, Caroline Rae da abokan aikinta a Jami'ar Sidni ta Ostireliya sun ba matasa 45 marasa cin nama giram 5 kullum har mako 6, sai suka ƙara ƙwazo wajen maimaita jerin lambobi daga ƙarshe zuwa farko. A 2024 kuma, a garin Jülich na Jamus, an hana mutum 15 barci aka ba su mai yawa lokaci guda, tunaninsu ya ƙara sauri.

Amma a lura da waɗanda aka gwada: marasa cin nama da marasa barci, wato masu giɓi a jiki. Wani bincike na 2008 a Amurka kan matasa masu lafiya bai ga wani bambanci ba. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ma a 2024 ta ce hujjar ba ta kai ta amince da iƙirarin ba. Sannan riƙe lambobi na 'yan daƙiƙoƙi daban, riƙe ajin aikatau na Parsons har ranar jarrabawa daban. Ni dai da na koyi Hausa da girma, maimaici ne ya zaunar mini da su.

Mai ciwon ƙoda kuwa, kada ya kusance shi sai da izinin likita.