Karen farauta da ƙibar damina

Yau ba zancen kaji ko tarwaɗa zan yi ba, kodayake su suka jawo matsalar.

Ina da karen da nake fita farauta da shi dajin Maiyama da rani. Bara da damina ta sauka, na ɗaure shi yana gadin gidan kajina a Jega. Kullum kayan cikin tarwaɗa, fatar kaji, ragowar tuwo, ga shi wata 4 a kwance. Fitarmu ta farko bayan kaka, zomo ya tashi a gabansa. Bai yi nisa ba ya tsaya yana haki, harshe a waje. Wallahi na sha dariya wurin abokai.

Ga yadda za ka gane. Shafa gefen ƙirjinsa: in ka ji haƙarƙari ba tare da dannawa ba, lafiya lau. In sai ka danna, kitse ne. Amma in ciki ya yi tulu, haƙarƙari kuma a fili, zargi tsutsar ciki, ka nemi likitan dabbobi.

Bana na rage masa kashi ɗaya cikin huɗu na abinci, na daina ba shi fatar kaji, muna yawo da sassafe. Saura mako 6 a fara farauta, sai in riƙa ƙara masa gudu kaɗan-kaɗan. Kada ka hana shi abinci gaba ɗaya, ƙarfinsa zai zube.

Mutanen Aliero, ku da albasa ta wadata: ɗanya ko dafaffiya, tana lalata jinin kare. Miyar da ta sha albasa, kada ku juye masa.