Kwaleji ko Jami'a?

'Yan'uwa, idan yaro ya gama sakandare, sau da dama mukan ce, "In ba jami'a ba, sai ya jira." Bari mu auna wannan magana.

1. Jami'a takan nemi maki mai yawa. Masu nema kuwa sun fi wuraren yawa.

2. Yawancin digiri shekara 4 ne. Takardar NCE ta kwalejin horon malamai shekara 3 ce.

3. Kwaleji ba ta toshe hanya. Wanda ya ci NCE da kyau yana iya neman shiga aji 2 na jami'a ta hannun hukumar JAMB, ya gama cikin shekara 3. Duka 6 ke nan. Wanda ya zauna gida shekara 2 yana jiran jami'a, shi ma 6 zai yi. Amma na farin yana da takardar koyarwa a hannu, ko da kuɗin makaranta ya yanke a hanya.

Saboda haka kada mu rena kwaleji. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambaya: Yaronmu muke dubawa, ko bakin mutane?