Darasin Wannan Wata: Yadda Amalanke Mai Tuƙa Kansa Yake Gane Hanya

'Yan uwa, unguwarmu Madain Fahd ba ta da nisa da yankin masana'antu na kudancin Jidda, inda ake da kamfanonin haɗa magani irin su Jamjoom Pharma. Da yawanmu shara, goge-goge da dakon kaya muke yi a sito da masana'anta. Yanzu irin waɗannan wurare a faɗin duniya suna shigo da mutum-mutumi mai jigilar kaya, wato amalanke mai tuƙa kansa. Wanda ya je Harami a 2021 wataƙila ya ga ɗan uwansa yana raba gorunan Zamzam.

Me ya kai shi kamfanin magani? Yawancin ƙura da ƙwayoyin cutar da ke shiga ɗakin haɗa magani daga jikin mutum suke fitowa. Idan zirga-zirgar mutane ta ragu, magani ya fi tsabta.

Hanyoyi uku yake bi:

1. Bin layi. Tun shekarun 1950 aka fara wannan a Amurka, da waya da aka binne a ƙasa. Yau tef mai maganaɗisu ake mannawa. Yana da araha, amma yana tara datti, wanki kuma yana ɓamɓare shi.

2. Hasken leza da alamomi. Ana kafa alamomi masu ƙyalli a bango. Idan ya hango aƙalla uku, sai ya lissafa inda yake.

3. Taswira. Yakan zagaya ginin ya zana taswira da leza ko kyamara, daga baya ya riƙa gwada abin da yake gani da ita. Gilashi da ƙarfe mai sheƙi sukan ruɗa shi.

Ina ruwanmu? Lezar da ke tsayar da shi idan ya ga mutum tana kusa da ƙasa ne, wajen ƙwauri. Abin da ya leƙo daga sama, kamar sandar mofa ko bakin tsani, zai iya kuskure masa. Saboda haka kada mu bar bokiti ko kwali a hanyarsa, kada mu rufe alamomin bango, kada mu gitta gabansa da gudu. Tef ya ɓamɓare, mu gaya wa shugaban aiki. Tun ranar farko mu tambayi inda jan maɓallin tsayarwa yake.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mu a wuraren neman halalinmu.