Dannau da Jin Kurwa ta Bar Jiki: Yadda Za Ku Taimaki Mai Fama da Su

Mai karatu, cikin koke-koken da mata kan kawo ɗakin awon ciki da na masu jego akwai wanda suke faɗa da murya ƙasa-ƙasa. Mace za ta ce da dare wani abu yana danne mata ƙirji, ta kasa motsi, ta kasa ihu. Wata kuma za ta ce ta ji ta fita daga jikinta, tana kallon kanta daga sama. A Bagudo, Ka'oje, Illo da ƙauyukan bakin iyakar Jamhuriyar Benin, kamar sauran wurare, akan fassara wannan da jifa, ko shafar aljanu, ko kamun maye. Maza ma suna fama da shi. Darasinmu na yau domin ku ne masu jinya: miji, uwa, yaya ko maƙwabciya.

Mene ne dannau?

Barci mataki-mataki ne. A matakin da aka fi yin mafarki, ƙwaƙwalwa tana kashe ƙarfin gaɓoɓi don kada mutum ya tashi yana aikata abin da yake mafarki. Wani lokaci hankali yakan farka kafin gaɓoɓin su sake. Sai mutum ya zama ido biyu amma jiki a ɗaure, ga sauran mafarki yana gani a ɗakin: inuwa a bakin ƙofa, ko nauyi a ƙirji. Yakan ɗauki daƙiƙoƙi zuwa 'yan mintoci, kuma numfashi ba ya tsayawa. A 2011 masana a Amurka sun haɗa bincike 35 da aka yi a kan mutum fiye da 36,000, suka gano kusan mutum 8 cikin 100 sun taɓa yin dannau. A cikin ɗalibai kuwa, 28 ne cikin 100.

Abubuwan da ke jawo shi sun haɗa da ƙarancin barci, sauya lokacin kwanciya, kwanciya rigingine, da damuwa. Shi ya sa yake kama mai jego da jariri ya hana barci, da masuncin da ke kwana a kogin Kwara, da direban da ke tafiyar dare.

Me ke sa mutum ya ga kansa a wajen jikinsa?

A ƙwaƙwalwa, sama kaɗan da bayan kunne, akwai sashen da ke haɗa saƙon ido, da na fata, da na cikin kunne, ya sanar da mutum inda jikinsa yake. A 2002 likita Olaf Blanke da abokan aikinsa a Siwizalan sun taɓa wannan wuri da 'yar wutar lantarki a wata mai farfaɗiya da suke bincika kafin tiyata. Nan take ta ce tana ganin kanta daga sama, kwance a gado. Idan aikin sashen ya rikice, mutum zai ji hakan da gaske, ba ƙarya yake yi ba. Ban da dannau, farfaɗiya, ciwon ɓarin kai, wiwi da wasu ƙwayoyi suna iya kawo shi. Haka kuma wanda ya ga tashin hankali, kamar hari, kifewar jirgin ruwa ko haihuwa mai wuya, yakan riƙa jin jikinsa ba nasa ba ne.

Abin da za ku yi

1. Ku saurare ta har ta gama. Kada ku yi dariya, kada kuma ku ƙara mata tsoro da labaran mayu.
2. In kun ji tana nishi cikin barci, ku kira sunanta, ku taɓa kafaɗarta a hankali. Sau da yawa taɓawar kan sake jikin.
3. Ku koya mata cewa idan ya zo, ta yi ƙoƙarin motsa yatsa ɗaya, ta ja numfashi sannu, ta tuna cewa yanzu zai wuce.
4. In da rana ta ji tana barin jikinta, ta zauna ta taka ƙasa da tafin ƙafa, ta wanke fuska da ruwan sanyi, ta lissafa abu biyar da take gani.
5. Ta kwanta ta gefe, a lokaci ɗaya kullum. Babba na buƙatar barcin awa 7 ko fiye. A rage shayi da goro da yamma. A karɓar wa mai jego jariri da rana ta runtsa.
6. Addu'ar kwanciya da kuka saba tana kwantar da hankali. Ku ci gaba da ita, ku haɗa da zuwa asibiti.

Abin da ba za ku yi ba

Kada ku matsa mata ta ambaci sunan wanda ya "kama kurwarta". Mai firgici zai kira duk sunan da aka sa masa a baki, daga nan sai a daki tsohuwar da ba ta ji ba ba ta gani ba, ko a raba zumunci, ciwon kuma yana nan. Kada a ɗaure, kada a doka, kada a turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, balle da jariri a ciki. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi kare mutuncin masu irin wannan lalura. Kada kuma a sayi ƙwayar barci ko tiramadol a kasuwa. Tiramadol kansa yana kawo jijjiga.

Alamomin da ba a kwana da su

Ku kawo ta asibiti a ranar idan:

1. Tana da ciki ko tana jego, ga ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska ko jijjiga. Hawan jinin ciki yana iya tasowa har sati 6 bayan haihuwa.
2. Mai jego ta daina barci sam, tana jin muryoyi da rana tsaka, tana sambatu, ko ta ƙi jaririnta. Wannan ciwon yana samun mace 1 zuwa 2 cikin haihuwa 1,000, galibi a sati biyun farko, kuma yana jin magani. Kada a bar ta ita kaɗai da jaririn.
3. Akwai zazzaɓi da ruɗewa, ko suma, ko cizon harshe.
4. Tana maganar kashe kanta.

Ina za ku je?

Ku fara da asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Bagudo, a auna jini a duba zazzaɓi. In akwai buƙata, za a tura ku Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Masu shigowa ta Lolo ko Tsamiya, ku riƙo katin awo da kwalin duk maganin da ta sha, ko da rubutunsa da Faransanci ne, har da na gargajiya. Ku zo da wanda ya ga abin da idonsa, domin bayaninsa yana taimaka wa likita ƙwarai. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.