Hoto Ɗaya Ya Zama Uku a Ma'ajiya

Tambaya: Ni mai ɗaukar hoton biki ne. Ina gyara hotuna a Lightroom, in tura su ma'ajiyar Synology da ke haɗe da kwamfutocin shagona, amma sai in tarar hoto ɗaya ya zama uku. Ina mafita?

Amsa: Malam, matsalar daga suna take farawa. Kyamarar Canon tana lissafi daga IMG_0001 zuwa IMG_9999, sannan ta koma farko. Ka ga hoton amaryar bara da na ta bana suna iya samun suna ɗaya, kuma in ka ce wa Windows ta riƙe duka biyun, sai ta liƙa wa ɗaya lamba a ƙarshe. Tun wajen shigar da hotuna, ka sa Lightroom ya sauya musu suna da kwanan wata, kamar 2024-03-09_0412.

Ka kuma sani Lightroom Classic ba ya taɓa asalin RAW. Gyaran yana cikin kundinsa, ko cikin ɗan fayil na XMP. Duk JPEG da ka fitar sabon fayil ne, don haka ka ware masa folda guda. In za ka mayar da folda ma'ajiya, ja ta daga cikin Lightroom, kada ka kwafa ta waje. Kundin kansa ya zauna a kwamfuta, domin ba ya buɗuwa daga ma'ajiyar sadarwa.

Kwafin hotunan da suka riga suka taru kuwa, manhajar dupeGuru za ta zaƙulo su ta duba abin da ke cikinsu. Amma ka duba da idonka kafin ka goge, don Allah. Ba a maimaita ɗaurin aure.

Kwafi ɗaya kam dole ne: ka ajiye shi a wani faifai, a gida, nesa da shago.