Shin Ya Halatta Musulmi Ya Nemi Kujera?

Wani ɗalibina daga Mandera ya tambayi hukuncin tsayawa takara, alhali Manzon Allah (SAW) ya hana Abdurrahman bn Samura roƙon shugabanci.

To, malamai sun ce abin da aka hana shi ne kwaɗayin mulki, domin Annabi Yusuf ya nemi riƙon taskokin Masar saboda ya san zai iya. Amma mafifici jama'a su tsayar da mutum. Sayyidina Umar ya ware mutum shida, Abdurrahman bn Aufu ya janye, ya kwana uku yana jin ra'ayin mutanen Madina, sa'an nan aka yi wa Usman mubaya'a.

Mu dubi gida. A 1978 Alhaji Shehu Shagari kujerar Majalisar Dattawa yake so, abokansa suka matsa masa. Su ma shida ne a taron NPN a Ikko. Da ya wuce gaba, Maitama Sule da Adamu Ciroma suka janye masa, ya ci zaɓen 1979.

Inda na fi jin tsoro shi ne wakilan jam'iyya da ke karɓar kuɗi kafin su fitar da ɗan takara. Wannan rashawa ce, mai bayarwa da mai karɓa duk hadisi ya la'ance su. Wallahu a'alamu.